Hana robar abinci bai isa ba, a duba ledar ruwa

Ya Edita,

Ina yi maka fatan alheri. Na rubuto ne kan sanarwar da Shugaban Ghana John Mahama ya yi a watan Yunin 2025, cewa za a hana shigowa da kuma ƙera farar robar kumfa da ake zuba abinci a ciki. Matakin ya yi kyau, amma ledar ruwan sha ta fi ta yawa a magudananmu.

Duk wanda ya leƙa babbar kwatar da ta ratsa tsakanin unguwannin Nima da Maamobi a Accra bayan ruwan sama ya san haka. Ledar nan tana bin ruwa ta shiga kogin Odaw, ta faɗa tafkin Korle, ta ƙare a teku inda masuntan Jamestown ke jefa taru. Ba ta ruɓewa. Rana da igiyar ruwa ne ke marmashe ta, kifi ya haɗiyi ɓurɓushin, mu kuma mu saye shi a kasuwa. Toshewar magudanai na cikin abin da ya tsananta ambaliyar 3 ga Yunin 2015, wadda Accra ba ta manta ba.

Hana fiya wata ba zai yiwu ba, tunda famfo ba ya kawo ruwa kullum a unguwanninmu. Don haka a wajabta wa kamfanonin ruwan su riƙa sayen ledarsu da aka yar a kan kilo, da wurin karɓa a kowace unguwa. Matan da ke tsintar ta za su sami abin kai wa gida. Sarakunan zango da limamai su ware filin, hukumomin gari su sa ido kan biyan kuɗin.

Naka,
Mai karatu daga Nima, Accra