Ina tumatirin kakanninmu ya shiga?

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan tumatir, ba kukan tsada zan yi ba, wannan kowa ya yi har ya gaji. Maganar iri ce ta kawo ni.

Muna yara kakarmu tana da wani tumatir a bayan ɗaki wajen da ake wanke-wanke, ba shi da wani kyan gani, mai tsaga-tsaga ne, wani ma a karkace, amma ga ruwa ga ɗan tsami ga ƙamshi, uku kacal sun tada miyar gidan. Kuma tsohuwar nan ba ta taɓa sayen iri ba. In ya nuna luguf sai ta matse 'ya'yan a tsumma ta shanya a inuwa, ta ƙulle da toka ta saƙale a ɗaki sai wata shekara. Yau ka zaga kasuwar 'Yan Kaba da wuya ka ga irinsa, duk nau'in UTC ne da Roma da wanda ake sayar da irinsa a gwangwani.

Ni ban ga laifin manoma ba fa. Wanda ya noma a Kadawa ko Kura aka loda masa kwanduna a mota zuwa kasuwar Mile 12 a Legas dole ya nemi mai taurin fata, namu na da kafin a kai Lokoja ya zama miya a cikin kwando. To amma mu da muke shuka don tukunyarmu wace mota muke jira? Daga gindin zuwa madafi taku goma ne. Shi ya sa nake ganin in dai ba cikin gidaje ba irin nan ba shi da sauran wurin zama.

Sannan irin gwangwanin nan da ake rubuta F1 a jiki haɗi ne, in ka cire 'ya'yansa ka sake shukawa kowanne gindi kamarsa daban, dole baɗi ka koma shago. Na gargajiya kuwa furensa kansa yake yi wa barbara galibi, abin da ka shuka shi za ka girba. A Amurka har yau suna riƙe da wani wai shi Brandywine da ya haura shekara 100, hannu da hannu yake yawo, mu kuma muna barin namu yana ɓacewa.

Ni dai na samo nawa wajen wata gwaggo a ƙauye na zuba a buhunan siminti guda takwas, ƙasa da yashi da kashin awaki da ya ruɓe, na huda ƙasan buhun don ruwa ya riƙa fita. Karon farko wallahi shirme na yi, a watan Maris na dasa, ganye ya yi shar amma fure sai zubewa yake, ashe zafi ne ba ya so. Da na gyara sai na yi reno a Oktoba, bayan sati huɗu na yi dashe, hunturu na shigowa sai ga 'ya'ya har sai da na kafa masa sanda. Ban ruwa kuma kar yau ambaliya gobe ƙishi, gindin 'ya'yan baƙi yake yi ya ruɓe. Tsutsar sharon da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 ba ta ƙyale na gida ba ita ma, kullum da safe nake duba ganye, wanda na ga ta yi wa zane fari in tsinke in ƙone, in fesa ruwan darbejiya. Kaji kuwa su ne manyan ɓarayi, sai da na sa raga.

Roƙona ga masu binciken aikin gona na Samaru Zariya su shiga ƙauyuka su karɓi irin nan a hannun tsofaffi tun suna da rai, ku ma Malam Edita ku tura wakilinku ya jiyo mana sunayen da ake kiransu gari-gari. Nawa irin na bana na cika kwalba biyu, maƙwabta sun riga sun karɓe ɗaya.

Wassalam,
Mai karanta ku kullum, daga Kano