Ɗana, game da ƙarar nan da ta ƙi barin kunnenka

Assalamu alaikum ɗana,

Na ga saƙonka da asuba, ƙarfe uku da wani abu ka turo shi, wato ko runtsawa ba ka yi ba ke nan. Ka ce yau kwana biyar da kuka je wajen kiɗan nan ka tsaya dab da lasifika, har yanzu kunnen bai daina "wiiii" ba, ka shiga intanet ka yi ta karance-karance har ka fara tunanin kurmancewa za ka yi. To ka nutsu, ba faɗa zan yi maka ba, hankalina ne ya tashi da na ga yadda naka ya tashi.

Abin nan likitoci na ce masa tinitus. Can ciki bayan dodon kunne akwai wani ɗan abu mai kama da katantanwa, a cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 15,000, su ne ke kai saƙon sauti zuwa ƙwaƙwalwa. In ƙara ta yi musu yawa sai su kwanta kamar ciyawar da aka tattake, saƙo ya ragu, ita kuma ƙwaƙwalwa ta dinga laluben abin da ta saba ji, shi ne wannan ƙugin. Yawanci kwana ɗaya zuwa biyu yake lafawa, wani kuma sai ya ɗau makonni yana raguwa a hankali, don haka kwana biyar bai isa ka yanke wa kanka hukunci ba. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, wanda ya mutu a cikin ƙwayoyin nan ba ya dawowa. Shi ya sa abin da za ka yi daga yau ya fi damuna a kan abin da ya riga ya wuce.

Ka duba lissafin masana, da desibel ake auna ƙarfin sauti, ƙarar da ta kai desibel 85 awa 8 ce iyakar sauraronta a rana, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin rabewa yake biyu, in ta kai 100 minti 15 ne kacal, kuma wuraren kiɗa suna kaiwa 100 ɗin har su wuce, kai kuwa ka ce kusan awa huɗu ka yi a wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin lalata jinsu ta wannan hanya.

Don Allah ka ajiye iyafis ɗin nan tukuna, ka ƙaurace wa duk inda ake ƙara. Kar ka cusa tsinken auduga, kar ka ɗiga wani mai ko maganin da aboki ya ba ka, matsalar ba a bakin kunne take ba. Cikin satin nan ka je wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya duba ka, a yi maka gwajin ji, ka kuma faɗa masa duk maganin da kake sha don asfirin mai yawa da kwinin ma suna sa kunne ƙugi. Amma in ka ji kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri na ɗibarka, ko ƙarar tana bugawa tare da bugun zuciyarka, wannan kam ba a kwana da shi, ka tafi asibiti a ranar.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ni ma ina da shi a kunnen hagu, tun shekarun da na yi ina aiki kusa da manyan injina ba tare da na toshe kunne ba. Watannin farko wallahi na sha wuya, ina kwanciya sai in kasa kunne ina jiran in ji ko ya tafi, ashe wannan sauraron da fargabar su ke ƙara masa ƙarfi. Da na daina bibiyarsa sai ƙwaƙwalwa ta saba, yanzu sai in yi kwanaki ban tuna da shi ba, sai in na gaji ko ban samu barci ba yake ɗan tasowa. Da dare ya fi damun mutum saboda shiru, to ka kunna fanka ko ka sa rediyo ƙasa-ƙasa, kar ka kwanta ɗaki tsit, kuma ka daina karatun labaran mutane a waya ƙarfe ukun dare, waɗanda nasu ya tafi ba su cika dawowa su rubuta ba.

Ban ce ka rabu da kiɗa ba, na san yadda kake sonsa. In ka warware ka sayi abin toshe kunne irin na makaɗa, yana rage ƙarar amma za ka ji komai, ka tsaya nesa da lasifika, ka dinga fita kana hutar da kunne, a waya kuma kar ka wuce kashi 60 na ƙarfin sautin.

Ka kira ni da zarar ka fito daga wajen likita, in kuma dare ya yi ka kasa barci ka kira, ko ƙarfe nawa ne zan ɗauka. Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Babanka