Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanena Kan Kuɗin Bakunan Sukudireba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, tare da Inna da Baba da sauran mutanen gida. Ni ma lafiyata ƙalau, aiki yana tafiya, sai dai sanyi da ya ɗan matsa wa yatsuna a wurin aiki, kuma wannan ba zancen da za ka kai wa Inna ba ne.

Dalilin rubuto maka shi ne kuɗin da na turo ta hannun Kawu. Ya shaida mini cewa kana so a sayi sabon injin ɗaure sukuru, wai wanda na aiko maka ba ya kama aiki, har ka cinye kawunan sukurori a ƙofofin wani, mutumin ya riƙe maka ragowar kuɗin aikinka. Raina bai yi daɗi ba da na ji wannan a bakin wani. Daga bayanin da Kawu ya yi mini, injin ba shi da laifi, bakunan da kake ɗaura masa ne ba su da kirki. Saboda haka kuɗin nan na bakunan sukudireba ne, kada ka taɓa su da sunan sayen inji.

Abu na farko da za ka duba shi ne ƙarfen da aka ƙera bakin da shi. Ka nemi wanda aka buga wa S2 a jiki, domin ƙarfe ne da aka yi shi don jure bugu, kuma idan an gasa shi yadda ya kamata taurinsa yakan kai wajen 58 zuwa 60 a ma'aunin Rockwell. Wanda aka rubuta wa Cr-V ba shi da aibu a sifana ko a sukudireban hannu, amma a bakin inji yakan riga S2 cinyewa. Sai dai ka sani cewa buga haruffa a jikin ƙarfe ba ya yi wa maƙerin jabu wuya, kuma ingancin yana wajen gashin ne: idan bai gasu ba tsinin ya murɗe, idan ya wuce misali ya karye kamar tangaran. Shi ya sa nake so ka nemi na kamfanonin da aka sani, irin su Wera, Wiha, Bosch ko Makita, a hannun wanda zai karɓi kayansa idan suka fito na jabu. Kada ruwan zinariyar da ake shafa wa wasu ya ruɗe ka, shafe ne kawai a bisa, ba ya mayar da ƙarfe marar kyau mai kyau.

Abin da nake zargin shi ne ya ɓata maka aikin ƙofofin nan kuwa, rashin dacewar baki da sukuru ne. Mai baki huɗun da kuke kira sita iri biyu ne. Akwai Phillips, mai alamar PH, akwai kuma Pozidriv, mai alamar PZ, wanda yake da ƙananan haƙarƙari huɗu a tsakanin manyan. Ka kalli kan sukurun da kyau: idan ka ga siraran layuka huɗu a tsakanin ramukan, to PZ ne, kuma yawancin hinjin kabad da irinsa suke zuwa. Idan ka sa masa PH zai shiga kamar ya zauna, amma da zarar inji ya ɗauki ƙarfi sai bakin ya yi tsalle ya fito, ya goge ramin, shi ma ya dakushe. Ka riƙa zuwa sayayya da sukurun da kake aiki da shi a aljihu, ka ɗora shi a kan bakin, idan yana rawa ka ajiye.

Kada ka sayi ƙaton akwatin nan mai baki ɗari, ko da an yi maka rangwame. Mafi yawansu ba za ka taɓa su ba har su yi tsatsa. PH2 da PZ2 su ne za ka fi ci, don haka ka saye su da yawa, sannan ka ƙara PH1 da PZ1 kaɗan saboda ƙananan sukurori, da T20 da T25 na Torx, mai tsini shida, wanda a wurin aikinmu shi muka fi amfani da shi saboda ba ya zamewa. Gindinsu duka ɗaya ne, mai kusurwa shida, milimita 6.35. Masu tsawon milimita 25 suna bukatar mariƙi mai maganaɗisu, masu 50 kuwa kai tsaye ake sa su. Tunda injinka mai bugawa ne yayin da yake juyawa, ka zaɓi waɗanda aka rage wa kauri a tsakiya, domin wannan siririn wuyan yana ɗan murɗawa ya shanye bugun kafin ya isa tsini.

Na san na tafi na bar maka ɗawainiyar gida da ta sana'ar Baba tun ba ka gama ƙwarewa ba, kuma da ina kusa da hannuna zan nuna maka wannan cikin minti kaɗan. Abin yana damuna fiye da yadda nake faɗa. Duk da haka, da Kawu ya ce yanzu mutane sunanka suke kira idan ana neman mai haɗa kabad, sai da na ba abokan aikina labari.

Amma kuɗin nan gumi ne, ba tsintarsu nake yi ba. Ka koma wurin mai ƙofofin ka canja masa sukurorin da suka lalace ba tare da ka nemi ƙari ba, kuma ka daina ba yara aron kayan aiki. Duk bakin da tsininsa ya fara sheƙi ko ya lanƙwashe, ka jefar da shi kafin ya ci maka sukuru. Ka danna inji sosai, ka riƙe shi a miƙe da sukurun, kuma a katako mai tauri ka fara huda ƙaramin rami.

Idan ka saya, ka ɗauki hoton bakunan ta inda rubutun jikinsu zai fito, ka turo mini tare da rasit, abin da ya rage kuma ka damƙa wa Inna a hannunta. Ina sake gaya maka, ban yarda a sayi inji ba. Ka gaishe da Baba, ka ce masa zan kira shi ranar hutuna.

Naka,
Yayanka