Ƙofar Gidan Mafaka: A Kulle Ko A Bar Ta A Buɗe?

Assalamu alaikum Malama,

Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya ɗawainiya da jama'a? Mu ma'aikata ne a wani gida da ake saukar da matan da aka kuɓutar daga hannun masu safarar mutane, waɗanda aka tilasta wa karuwanci. Wata magana ce ta raba kawunanmu, muka ga ya dace mu kawo ta gabanki. Sai dai bari mu fara shimfiɗa miki yadda aikin yake, don shawararki ta sami wurin zama.

Idan mace ta iso, kwana ukun farko na lafiyar jikinta ne. In an sadu da ita ba tare da kariya ba a 'yan kwanakin, dole a fara ba ta maganin rigakafin HIV cikin awa 72, ta sha kullum har kwana 28. In aka wuce awa 72 ɗin ba a fara ba, an makara. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa awa 120, amma an fi samun tasirinsa in an sha da wuri. Sai gwajin ciwon hanta da sauran cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Gwajin HIV ko ya nuna babu a ranar farko, ana maimaita shi bayan wata 3, domin sabon kamu ba ya bayyana nan take. Duk wannan ba a yin ko ɗaya sai ta yarda.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wajen shaye-shaye. Da yawansu masu safarar ne suka saba musu da barasa ko tiramol ko ƙwayar barci don su iya jurewa. Wanda bai sani ba sai ya ce a raba ta da su rana ɗaya. Hakan na iya kisa. Wadda jikinta ya dogara da barasa tana iya faɗuwa tana jijjiga cikin awa 48 da dainawa, ƙwayar barci kuwa likita ne ke rage ta kaɗan-kaɗan, mako bayan mako.

A makonnin farko ba a zaunar da ita a ce ta ba da labari. Abin da take buƙata barci ne, da abinci a kan lokaci, da ɗaki mai sakata ta ciki, da ma'aikaciya guda da za ta saba da ita. In ɗan sanda ya tambaye ta, likita ya tambaya, lauya ya tambaya, kowane maimaici fama mata ciwo ne. Kuma sau da yawa labarin yakan zo a hargitse, na jiya ya saɓa wa na yau, ba don tana ƙarya ba, firgici ne ya wargaza mata tunani. Shi ya sa yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 2005 kan yaƙi da safarar mutane ta ware aƙalla kwana 30 na hutu da nazari kafin a nemi ta yanke shawarar ko za ta ba masu bincike haɗin kai. Daga baya ake shiga zama da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da karatu, da koyon sana'a, da sabunta takardun da aka ƙwace mata.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mai safara ba ya saki don an fitar da ita daga hannunsa. Ta waya yake binta. Yau barazana ce ga 'yan uwanta, gobe tunin bashin da ya ɗora mata na kuɗin tafiya da masauki, jibi kuma kalaman soyayya da ban haƙuri. Saboda haka wani ɓangare na cikinmu ya ce a karɓe waya, a kulle ƙofa, babu fita sai da rakiya har wata 3. Hujjarsu ba ta banza ba ce: waya ɗaya da aka bar alamar wuri a kunne, wato abin da ke nuna inda wayar take, ta isa ta tona inda gidan yake, ta jefa kowa cikin haɗari, kuma yakan faru a turo wata ta shigo da sunan neman mafaka don ta janye wasu.

Ɗaya ɓangaren, wanda mu masu wannan wasiƙa muka fi karkata gare shi, cewa yake karɓe waya da kulle ƙofa su ne ainihin abin da mai safarar ya yi mata. In ta ga an sake yi, a wurinta an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Baliga ce, ba ta yi laifi ba. Yarjejeniyar Palermo ta 2000, ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan safarar mutane, ta bayyana cewa in an yi amfani da yaudara ko tilas, amincewar da ta yi tun farko ba ta zama hujja a kanta. Kuma kulle ba ya hana tafiya. Wadda ta ƙudurta, katanga za ta haura cikin dare, ba magani a hannunta, ba lambar kowa, kunya kuma ta hana ta dawowa.

Abin da muke so a gwada shi ne a ba ta sabon layi, a zauna da ita a kashe alamar wuri, a sauya lambobin sirrin shafukanta na sada zumunta, wayar ta kwana a ofis bisa yarjejeniya. In ta ce za ta tafi, a haɗa mata maganinta da kwafin takardunta, ta haddace lamba guda, a faɗa mata gadonta yana nan duk ranar da ta dawo. 'Yar ƙasa da shekara 18 kam hukuncinta daban, hukumar kula da yara ce ke da ta cewa.

Ga tambayoyinmu, Malama. Idan mace ta dube mu ta ce "shi kaɗai ne ya taɓa sona, zan koma," me za mu faɗa mata? In muka zage shi sai ta kare shi, in muka yi shiru kamar mun amince.

Na biyu, iyaye. Wasu sukan zo da kuka su ce a ba su 'yarsu. A cikinsu akwai na kirki, amma gaggawar rufa asiri ta sa suna son a aurar da ita nan da nan. Akwai kuma waɗanda da hannunsu aka miƙa ta, ko suka saba da kuɗin da ake aiko musu. Ta yaya za mu tantance su ba tare da mun ci mutuncin na kirkin ba? Kuma da wane lafazi za mu ce wa uwa ta dakata, 'yarta ba ta shirya ganinta ba?

Na ƙarshe, ya za mu sasanta tsakaninmu? Abokan aikinmu masu son kullewa tsoro ne na gaskiya ke damunsu, ba mugunta ba, kuma matan sun fara lura cewa bakinmu bai zo ɗaya ba.

Muna sauraron amsarki. Allah Ya ƙara basira.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan gidan mafaka