A taimaka a rubuta tarihin PZ da masu kantunan Zariya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu. Duk wanda ya taɓa hawa Keke Napep ko acaɓa a Zariya ya san PZ, daga Samaru ko Kwangila ko Tudun Wada haka za ka ji direbobi suna kiran PZ PZ, can ne bankuna, can ne shagunan waya da na kayan lantarki, amma ka tsayar da samarin da ke kasuwanci a wurin ka tambaye su su wa suka fara kafa kanti a nan, wallahi sai dai a yi ta kallonka.

To sunan wurin daga kamfanin wasu Turawa biyu ya samo asali, George Paterson ɗan Sikotland da George Zochonis ɗan Girka. A Saliyo suka fara, a birnin Firitawun, kamfaninsu Paterson Zochonis, wato PZ, ya yi rajista a 1884, a 1899 suka buɗe reshe a Legas. Abin da ya jawo irinsu Arewa jirgin ƙasa ne. Da layin dogo daga Baro ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911 sai kamfanonin Turawa irinsu John Holt da su PZ ɗin suka bi layin suna kafa kantuna kusa da tasha, su sayi auduga da gyaɗa da fatu da ƙiraga a hannun dillalanmu, mu kuma su sayar mana da gishiri, kananzir, atamfa, akoko da sabulu. Cinikin dai su ke yanka farashi ta ko'ina, wannan ba abin yabo ba ne. Amma fa kamfanin yana nan har yau, a 1975 ya saye kamfanin sabulu na Cussons, kuma duk gidan da ake shafa wa yaro Robb in mura ta kama shi ko ake wanka da sabulun Joy to kuɗin can yake tafiya.

Abin da ke ci min rai shi ne namu. Alhazai nawa suka buɗe manyan kantuna a Sabon Gari da Tudun Wada, mutum ya fara daga tireda ko yaron shago, ubangidansa ya sallame shi, ya yi ta juyawa har ya gina filaza, amma ranar da ya kwanta dama ko arba'in ba a yi ba an fara maganar rabon gado, wannan ya ɗauki shago biyu, wancan ya sayar da nasa ya sayi mota, shekara kaɗan an cire allon sunan an sa na wani. Gado hakkin magada ne, Allah ne ya raba, ba ni da ja. Amma meye ya hana a yi wa kasuwancin rajista tun mai shi na raye, kowa ya gaji kasonsa a hannun jari, kanti ya ci gaba da buɗewa? Gidan Alhassan Ɗantata ya nuna ana iya ɗorewa, ya rasu tun 1955 amma zuri'arsa na nan a harkar, Aliko Ɗangote ma ta wajen mahaifiyarsa daga gidan ya fito. Kuma kar a ce sai baƙi suka iya, Shoprite ta Afirka ta Kudu ta shigo Najeriya a 2005 da ƙarfinta, a 2021 ta sayar da harkarta ta nan ta tattara.

Roƙona Malam Edita, ku turo wakilinku ya zauna da dattawan kasuwar Sabon Gari da ta cikin birni tun suna da rai, a ji wa ya fara, da nawa ya fara, wa ya ba shi bashin farko, me ya karya shi. Malaman sashen tarihi na ABU suna nan kusa a Samaru, su ma a tuntuɓe su.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya