Hadiza, kar ki sayi wata kwamfuta tukun

Assalamu alaikum ɗiyata, da fatan kina lafiya, ya karatu ya zafin Yamai. Mamanki ta ce mini kwamfutarki na kashe kanta kina tsakiyar aiki, fanka na ta ƙara, har wani ya ce miki ta gama yawo sai dai a sayi wata. Kar ki ba kowa ko dala tukun. Firosesan Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, in zafinsa ya kusa digiri 100 rage gudu yake da kansa, in abin bai sauka ba sai ya kashe injin gaba ɗaya don kar ya ƙone, ke nan kare kanta take yi.

Ni abin da na fi zargi katin hoto ne. Irin taki kati biyu gare ta, ƙarami na Intel da ke cikin firosesa, da babba na NVIDIA wanda bai kamata ya tashi ba sai aiki mai nauyi ya zo, kamar haɗa bidiyo ko wasannin nan na samari. To in an taɓa saitin direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, sai ya ƙi kwanciya, kina rubutu a Word kawai shi yana can yana shan kuran yana hura zafi, kamar a tada kamiyo don zuwa sayen tumatir a bakin kasuwa. Batir ma shi ya sa ba ya daɗewa.

Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki shiga shafin da ke nuna aikin injin, za ki ga GPU 0 da GPU 1, su ne katunan hoton biyu. Ki rufe komai ki zura ma na NVIDIA ido, in yana aiki ko zafinsa na sama alhali ba ki buɗe komai ba, to mun kama ɓarawon. Sai ki buɗe manhajar saitin NVIDIA, wajen saitin 3D akwai layin da ke kula da shan wuta, in an sa shi kan cikakken ƙarfi kullum ki maida shi kan na daidai wanda ya zo da shi. Daga nan a saitin allo na Windows, wajen hoto, ki ɗora Chrome da Word kan ƙaramin kati. In duk da haka bai kwanta ba ki sake direban, amma ki ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar da lambar samfurinta da ke rubuce a ƙasa, ban yarda da wanda ake yawo da shi a kile ba, ba ki san me aka cusa ciki ba.

Wata dabara kuma, cikin saitin wuta ki rage iyakar firosesa daga 100 zuwa 99 cikin ɗari, wannan na hana shi turbo, wato ƙarin gudun da yake yi in aiki ya yi nauyi, gudu zai ɗan ragu amma zafi na sauka sosai, kuma karatunki ba zai ji ba.

Sauran kuma kin san shi, ƙurar hunturu da ta sha nan Maradi tana nan daskare a bakin fanka kamar auduga. Ki daina ɗora ta bisa katifa ko cinya, iska ta ƙasa take shiga, ki sa ta kan tebur ki ɗaga bayanta da littafi. Buɗe ta da canza man da ke kan firosesa ki bar mini sai kin zo hutu, sukurorin nan ƙanana ba a yi musu gaggawa.

Abu guda ne ba zai jira hutu ba, in kika ga wajen da kike goga yatsa ya kumbura ko murfin ƙasa ya ɗago, batir ne ya kumbura, ki cire caja nan take ki kira ni ko tsakar dare ne.

Ki ɗauki hoton shafin GPU ɗin ki turo mini ta WhatsApp yau. Mamanki da su Sani na gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki