Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Sankarar Hanji da Dubura

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka, iyalan marasa lafiya da wasu ma'aikatan asibiti, mun kawo kuka gabanka kan wata cuta da kunya ke rufe bakin mai ita, wato sankarar babban hanji da dubura. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ita ce ta uku a yawa cikin sankarori, ta biyu a kisa. A 2020 kaɗai ta kama mutum fiye da miliyan 1.9, ta yi ajalin fiye da 930,000.

Ranka ya daɗe, babban abin da ke cin mu shi ne ɗora wa basir kowane laifi. Mutum zai ga jini a bayan gida, ya yi shiru, ya yi ta shan maganin basir wata da watanni. Gaskiya ne sau da yawa basir ɗin ne, amma ido ba ya rarrabewa. Idan jinin ya zo tare da zawo ko taurin ciki na makonni, ko bayan gida ya sirance, ko mutum ya gama ya ji kamar da saura, ga rama da ƙarancin jini ba dalili, to likita ne zai duba.

Cutar nan kuwa ba ta faɗowa dare ɗaya. Yawanci tana farawa da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe. Likita na iya zura siririn bututu mai kyamara ta dubura, ya ga tsiron, ya cire shi nan take. Inda ake gano ta kafin ta bazu, kusan mutum 9 cikin 10 na wuce shekara 5 a raye. Idan ta kai hanta ko huhu, kaɗan ne ke kaiwa haka, duk da tiyata da allurai da gashin na'ura. Wasu kuma suna gudun asibiti don tsoron jakar bayan gida da ake maƙalawa a kan fatar ciki, alhali ba kowa ake yi wa ba, wasu ma na ɗan lokaci ne.

Don haka muke roƙon Mai Martaba ya umarci hakimai da dagatai da limamai su faɗa wa jama'a ƙarara cewa jini a bayan gida abin kai wa asibiti ne. Abin da Sarki ya furta, talaka ba ya jin kunyar maimaita shi. Muna kuma roƙon ya sa baki wajen hukumomin lafiya a samar da gwajin bayan gida mai gano ɓoyayyen jini a ƙananan asibitoci, ga duk wanda ya kai shekara 45. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya taɓa yin cutar, a fara duba shi tun kafin waɗannan shekarun. Gwajin ba zai yi amfani ba idan babu na'urar leƙa hanji da ƙwararren da zai sarrafa ta a babban asibiti, da mace ma'aikaciya da za ta duba mata, don wasu sun gwammace su haƙura da ciwo da su buɗe jikinsu ga namiji.

A shirye muke mu bayyana a fada tare da likita duk ranar da Mai Martaba ya ba da izini.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
a madadin iyalan marasa lafiya da ma'aikatan lafiya.